A Rage wa Baba Abinci

Ingila
Oktoba, 1975

Zuwa ga taubashiyata Alheri,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da aikinki na asibitin Faskari. Ni ma lafiyata lau, sai dai mura da ta kama ni tun shigowar sanyi ta ƙi sakina. Idan kin leƙa gida Damari ki gaishe mani da Baba, da Yaya Lawwali da matarsa Talatu, da yara gaba ɗaya.

Na ga tsiyar da kika yi mani, wai gwamnati ta kashe kuɗin mai ta kawo ni Turai in zama babban likita, na ɓige da kiwon ɓeraye. Ban musa ba. Amma tsaya ki ji abin da ɓerayen nan suke koya mana, sannan ki ci gaba da dariyar.

Mun raba su gida biyu. Kashi ɗaya muna zuba masu abinci su ci iya cinsu. Ɗaya kashin muna auna masu, ba sa ƙoshi sosai. To, masu ci su ƙoshi tuni tsufa ya kama su: gashi na zubewa, ido ya yi hazo, ƙoda ta fara lalacewa. Waɗanda ake auna wa kuwa sa'anninsu ne, mako ɗaya aka haife su, amma in kin ga tsallen da suke yi sai ki rantse jikokinsu ne. Ba tsawon kwana kaɗai muke nema ba, Alheri. Me aka yi in mutum ya kai ɗari yana kwance ana juya shi? So muke ya tsufa da haƙoransa da idonsa da ƙafarsa. Ajali na Allah ne, amma lafiyar da mutum zai kai ga ajalin da ita ana iya yi mata dabara, kuma ina jin mun kama bakin zaren.

Abin da ke damuna shi ne ba a rufe irin wannan aiki sai ɓeran ƙarshe ya mutu don kansa, bayan nan kuma ga rubutu. Saboda haka dawowata sai nan da shekara uku, in Allah ya yarda.

Baba yana raina kullum. Shekaru sun ja, kuma kin san halinsa da akushi. Don Allah a riƙa rage mashi abinci kullum, ko yana so ko ba ya so. Ina son in dawo in same shi da ƙarfinsa.

Naki,
Sanusi, sarkin ɓeraye

*

Faskari
Fabrairu, 1976

Sanusi,

Ina gaishe ka don haka aka koya mana fara takarda. Ni lafiya. Yaya Lawwali da Talatu da yara lafiya. Baba ba lafiya, kuma kai ne sanadi. Wannan ba wasan taubasai ba ne, kada ka karanta kana murmushi.

Takardarka ta iso ana tsakiyar kaka. Na tafi da ita gida na karanta a tsakar gida kowa na ji. Baba ya sa na maimaita wajen ɓerayen, yana ta gyaɗa kai. Da na zo inda ka ce a rage mashi abinci, Talatu ta dube ni, na ce mata maganar likita ce, ta rage kaɗan. Na koma bakin aiki. Sai ƙyanda ta ɓarke a ƙauyukan Faskari, ko Kirsimeti ban samu zuwa ba. Makon jiya na je. Na tarar da wani tsoho zaune a gindin rumbu, na gaishe shi na wuce, sai da ya kira sunana.

Malmala ɗaya Talatu ta cire daga akushinsa. Sauran shi ya ƙarasa da kansa. Ya bar ɗumamen safe, ya bar furar rana. Har burkutun ranar kasuwa ya daina, abin da fasto da limamin gari suka yi shekaru suna fama ba su raba shi da shi ba. Ɗan tuwon da ya saura ma ba ya cinyewa, don ka san ba ya tashi daga akushi bai bar wa jikoki ragowa ba. Mutumin da bara ya ɗaga damin dawa shi kaɗai, yanzu sai ya dafa bango yake miƙewa. Warkinsa sai da aka ƙara mashi ƙulli.

Na dama kunu da madara na durƙusa gabansa ina roƙo. Ya ce, "Ɗiyata, ɗauke. Ɗan Yargoje likita ne hwa, Turawa ma shi suke tambaya. Ko kin hi shi sani?" Na ce ni ma aikin asibiti nake yi. Ya ce, "Ke allura kike yi."

Ka gaya mani, shekarar fari kana ina? Kana Zariya kana cin abincin makaranta. Mu muka ga mutanen da aka rage wa abinci, suna gangarowa daga arewa har ƙofar asibitinmu. Ban ga ko ɗaya yana tsalle ba, a tabarma muka naɗe su. Kai har kana da bakin rubuto wa mutanen da suka ga wannan cewa yunwa tana ƙara kwana?

Kuma duk duniya ka rasa wanda za ka gwada a kansa sai shi. Uwarka 'yar ƙanen ubansa ce kawai. Da ta rasu, dangin ubanka na Yargoje kowa ya sunkuyar da kai, shi ya ɗaura wa jaki akumari ya je ya ɗauko ka. Bamaguje ne, bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba, amma ya raba maka tukunya, ko kaza za a ci sai ya kai wa malam ya yanka saboda kai. Sakayyar da ya samu ke nan, ka mai da shi ɓeran gwaji kana zaune a ƙasar wasu.

Ka rubuto ka janye maganarka. Ranar da ka karanta wannan, ba washegari ba.

Alheri

*

Ingila
Afrilu, 1976

Alheri,

Na amsa gaisuwarki yadda kika ba da ita. Lafiyata lau, ko da yake tun da takardarki ta iso, bayan ta gama yawonta a gidajen waya, ban ci abin kirki ba.

Innalillahi! Wa ya ce a hana Baba abinci? Cewa na yi a rage mashi. A rage mashi! A ɗebi nasa a rufe a ajiye, a ɓoye ma in ta kama. Muna yara, in za ki tafi rafi tuwo bai sauka ba, me kike ce wa Inna? "A rage mani." Nufinki a ba ki kaɗan? Na ce kin san halinsa da akushi don kin sani. Baƙo ya shigo, ya tura mashi. Yaro ya yi kuka, ya tura mashi. Ya daɗe a gona ya dawo tukunya ƙarƙaf, ya ce dama ya ƙoshi. Shi ya sa na ce ko yana so ko ba ya so. Ni da nake nan ban manta Hausa ba, ke da kike zaune a cikinta ina kika kai taki?

Da Talatu ce ta fahimci haka da na yi shiru. Ke ce kika yi karatun asibiti. Ɓerayenmu kaɗan ake ba su, gaskiya ne, amma an haɗa masu duk abin da jiki ke bukata a ciki, ana auna nauyinsu, wanda ya rame fiye da kima a fitar da shi. Kuma tun suna ƙanana aka fara. Babu wanda ya isa ya ce wannan yana aiki a jikin ɗan Adam, balle tsohon da ya haura saba'in yana noma. Abin da kuke yi mashi ba magani ba ne, yunwa ce tsagwaronta. Kin ji magana ta yi maki bambaraƙwai, me ya hana ki rubuto ki tambaya? Kika karanta, kika sa hannu da cewa maganar likita ce, kika shiga mota kika tafi wata uku.

Maganar fari da maganar jaki kuwa sun yi mani zafi, kuma na san don su yi zafin kika rubuta. Ba na bukatar a tuna mani wanda ya riƙe ni. Kin manta yadda Kaka ta ƙare? Shekaru tana kwance ba ta gane kowa, Baba ne ke juya ta yana wanke ta, yana ba ta kunu da ludayi tana tofar mashi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Saboda kada in ga shi ma haka na shiga wannan aikin da kike kira kiwon ɓeraye.

Ga 'yar takarda daban na sa a ciki, tasa ce. Ki je ki karanta mashi da babbar murya. Na ce ya ci tuwo, ya sha fura, ba abin da na faɗa aka gaya mashi ba. Kada ki tsaya jiran hutu, ki nemi izini ki tafi.

Sanusi

*

Faskari
Mayu, 1976

Sanusi,

Gaisuwa. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Ni lafiya. Baba ƙafafunsa sun kumbura.

Na ga darasin Hausar da ka koya mani, na gode Malam. Ka cika takarda da ɓerayen da ake auna wa abinci suna tsalle, a ƙarƙashinsu ka rubuta a rage wa Baba abinci ko yana so ko ba ya so, don ka dawo ka same shi da ƙarfinsa. Duk gidan muka ji, babu wanda ya fahimci ajiya. Ko dai Damari kaf ba ma jin Hausa, ko kuwa kai ne ka saba magana da abin da ba ya tambayar ka me kake nufi. Amma bar wannan, ba shi ne a gabana ba.

Na bi ta Funtua da Sabuwa a motar hatsi na je na karanta mashi. Ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mani. Ya ce, "Wannan bakinki ne. Tun rani kike roƙona in ci, yau kuma takarda ta zo tana hwaɗin abin da kike hwaɗi, ko kalma ba ta canza ba." Na kira malamin firamare ya karanta, ya ce mun ƙulla. Yaya Lawwali ya ce zai dafa Alƙur'ani, ni na ce zan dafa Littafi Mai Tsarki. Ya ce, "Ku bar littattahanku su huta. Na san kuna sona, shi ya sa za ku yi mani ƙarya. Takarda ba ta da murya. In ji daga bakinshi."

Na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mashi murya. Na ce, "Baba, kashe kanka za ka yi?" Ya sa Talatu ta fita da yara, sannan ya ce, "Ke ba ki iya lissahi ba. Shekara uku ya ce. Ubana bai kai inda nike ba ya tahi. Sa'annina duk an rufe su, sai Gide, shi ma ba shi gani. Ina ni ina shekara uku? Yaron nan ya san haka, shi ya sa ya aiko mani da dabara. In yunwa za ta kai ni in gan shi, ai ta yi arha."

To ka ji. Bai damu ya kai ɗari ba, bai damu da haƙori ko ido ba. Kai yake jira, kuma jiran ne yake cinye shi. Ko takarda ɗari ka rubuto, a bakina za su fito, ba zai ji ba.

Tun da na yi wayo, bana ne aka fara shuka ba da shi ba. Ya matsa sai da aka ɗora shi a jaki aka kai shi bakin gona, ya zauna a inuwar ɗorawa yana faɗan yadda Yaya Lawwali ke sara. Muryar ma ba ta kai tsakiyar gonar.

Ka zo gida. Kullum jirgi na sauka a Kano cike da 'yan kwangila da masu zuwa sayen agogo, ba za a rasa maka kujera ɗaya ba. Kana can kana jiran ɓeran ƙarshe ya mutu. Ni da nake danna ƙafar Baba yatsana yana lumewa, ban tabbata ɓeran ne zai riga ba.

Alheri

*

Ingila
Yuni, 1976

Alheri,

Na gaishe ki, na kuma gaishe da gida. Lafiyata da sauƙi. Ban sa wannan a gidan waya ba. Malam Abdulƙarim, mutumin Ƙanƙara da ya gama karatunsa a nan, zai taso cikin makon nan, ya yi mani alkawarin kawo maki hannu da hannu. A cikin ƙunshin akwai kaset.

Ba zan iya zuwa yanzu ba. Ki zage ni son ranki, amma ki karanta har ƙasa. Yanzu ne aikin ya kai gaɓar da aka fara shi dominta. Tsofaffin sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane sai an buɗe shi an duba zuciya da ƙoda a ranar da ya mutu, in ya kwana ya ɓaci. Na je wajen shugaban sashenmu. Ya yi mani jaje da kyau, sannan ya ce in na tafi zai miƙa aikin ga wani, kuma in an miƙa ba a dawowa da shi. Ke ɓera kike gani. Ni ina ganin Kaka, da duk tsofaffin da kike gani ana kawo maku a amalanke ba sa iya riƙe fitsari. Kina magana kamar holewa nake yi. Rabona da ganin rana ta kirki har na manta.

Yaya Lawwali yana da rikodar nan da ya sayo a Funtua. Ki sa sabon batir ki kunna wa Baba. Na gaishe shi, na kira sunayen gonakinsa da na jakin da ya ɗauko ni don ya san ni ne, na gaya mashi kuskure aka yi. Na kuma ce mashi ina nan tafe da kaka, ya ci abinci ya yi ƙarfi ya tarye ni.

Ki fahimce ni da kyau wannan karon, don ba na son a sake yi mani fassara. Ba zan zo da kaka ba. Na faɗa ne don in cire mashi lissafin shekara ukun nan daga kai, tun da shi ya hana shi ci. Ki ɗauke shi a matsayin magani. Ke ma kina ce wa yaro allura ba zafi. In ya murmure kaka ta zo, sai ki lallaɓa shi ki ce an ɗan ɗaga tafiyar. In jiki ya dawo, zuciya za ta iya ɗauka.

Kada a cika mashi ciki farat ɗaya, yana da haɗari. Kunu mai ruwa da madara, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Sannan ƙwai, sannan tuwo mai laushi. Ki tsaya a kai da kanki, kada ki bar wa kowa saƙo.

Sanusi

*

Damari
Satumba, 1976

Sanusi,

Ina gaishe ka. Ni lafiya, gida lafiya. Baba lafiya. Ka maimaita wannan layin in kana so, don shi kaɗai ne mai daɗi a takardar nan.

Malam Abdulƙarim ya cika alkawari, Allah ya saka mashi. Na ɗauki hutu na taho. Muka ajiye rikodar a kan tabarmar Baba. Da ka ce, "Baba, Sanusi ne," ya yunƙura ya zauna ba wanda ya taimake shi, ya ce, "Na'am, Ɗan Yargoje, ya sanyi?" Ya tsaya yana jiran ka amsa. Da ka zo kan kuskuren ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana nuna ni da Talatu da yatsa. Da ka ce kana tafe da kaka, ya ɗora tafin hannunsa a kan rikodar ya ce a tsaya. Sannan ya ce, "Talatu, ina kunun nan?" Na zagaya bayan rumbu na yi kuka.

Na bi yadda ka ce. Kumburin ya saɓe, fuska ta ciko. Yanzu yana cin tuwo, yana ɗaukar fartanya, ya koma faɗa da kowa. Batir kuwa mun gaji da saye, don duk wanda ya shigo gidan sai an kunna mashi kai.

Ka san inda yake zuba ƙarfin da ya samu? A ɗakinka. Wanda ka kwana kana yaro, da aka mai da shi na awaki. Ya kori awakin, ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa ya yaɓe bango, ya je wajen Gide ya karɓo shuci ya gyara jinka. Ya ware tunkiya, har ya gaya wa malamin da zai yanka ta. Duk kasuwar Damari ta san likita na zuwa. Shekaranjiya ya tambaye ni, "Kakar gero ya ce ko ta dawa?" Na ce ba ka faɗa ba. Ya ce, "To ta dawa ce, yaron da son tuwon dawa." Na ce ƙila. Ka ga har ka sa na fara.

Ka ce ni ma ina ce wa yaro allura ba zafi. Yaron kafin ya kai gida ya manta. Wannan mutumin 'yarsa ta durƙusa mashi ya ƙi, ɗansa ya ce zai dafa Alƙur'ani ya ƙi, muryarka kaɗai ta buɗe mashi baki. In ya gane muryar nan ma ƙarya take yi mashi, da me zan sake ba shi kunu? Ban ce aikinka wasa ba ne, Sanusi. Na ga Kaka ni ma, ni nake wanke zannuwanta. Amma kai ka zaɓi ka tsaya, kai ka zaɓi ka yi alkawarin, sannan ka bar mani wajen da za a dubi idonsa. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba, kuma duk da haka kullum motar Funtua ta tsaya sai na leƙa.

Na ɗauki maganarka sau ɗaya na shiga da ita gidan nan, ka ga abin da ta yi. Ba zan ɗauki ta biyu ba. Na sayi sabon kaset, yana cikin ƙunshin nan, babu komai a kansa. In ba za ka zo ba, ka zauna ka gaya mashi da bakinka. Ni zan kunna in fita waje.

An fara yankan gero. Dawa ta fitar da kai.

Alheri